Umma Ta Daina Gatse

Asabar, da yamma

An sallamo Umma daga asibiti. Kowa sai hamdala yake yi, ni kuwa ji nake kamar in ɗauki wani abu in fasa.

Da na kwantar da ita na gyara mata filo, sai ta dube ni ta ce, "Sannu, Allah ya yi albarka." Haka kawai, a miƙe. Na tsaya ina jiran ragowar maganar, ashe babu ragowa. Yaya yana bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Kin ji ko, Auta? Baki ya buɗe, magana tar!" Matarsa, Anti, har da share ƙwalla da gefen mayafi.

Matar da ta haife ni ba ta taɓa ce min sannu a miƙe ba. In na yi aiki ta ce, "A'a, yau za a yi ruwa da ƙanƙara." In na zauna ban yi ba ta ce, "Ranki ya daɗe, a kawo mafici ne?" Da wannan bakin ta raine mu ni da Yaya, da shi muke buɗe shagonmu na ɗinkin labule, da shi muke rufewa. Yau kuma wai Allah ya yi albarka, kuma su duka sun ce amin.

Lahadi, da safe

Ta gode min don na ba ta ruwa. Ruwa fa!

Litinin, bayan azahar

Anti ta same ni a kicin ina wanke kofuna. Ta jingina da firij ta ce, "Ni dai wallahi ciwon nan ya zo da alheri guda. Umma ta daina baƙar magana."

Allah ne ya taimake ta hannuna da kumfa.

Na ce, "Anti, baƙar magana daban, gatse daban." Ta ce ai duk kanwar ja ce. Kanwar ja! Mace har ta haihu ta yaye ba ta san bambanci ba. Baƙar magana don a ƙona maka rai ake yinta. Habaici kuwa na matsorata ne, ana yi ana kallon bango, in ka tanka a ce da wa aka yi da kai. Ba'a sai an tara mutane, don dariyarsu ake nema. Shi gatse cikin idonka ake yi, a faɗa maka akasin abin da ake nufi, don an tabbata za ka gane. Mutum biyu yake buƙata, mai faɗa da mai ganewa. In aka yi wa wanda ba zai gane ba an yi asarar yawu.

Shi ya sa Umma ba ta yi wa baƙo. Mai ciniki zai kawo yadin da ko akuya ba za ta yarda a rataya mata ba, Umma ta shafa ta ce, "To madalla, za a ɗinka." Sai ya fita ta juyo gare ni ta ce, "Ki lallaɓa shi, kada ki ɓata wa mutum dukiya, irinsa sai an yi oda." Ladabi na mutanen waje ne. Mu na gida gatse ne rabonmu.

Na ce wa Anti, "Ke ai ba ta taɓa yi miki ba." Sai ta washe baki ta ce, "Wallahi kuwa, ko sau ɗaya. Muna mutunci da ita sosai." Na ce haka ne, na ci gaba da wanke-wankena.

Talata, da hantsi

Ban buɗe shago ba. Ba na son Talata yanzu, ranar ce Umma ta yanke jiki ta faɗi a shago.

Laraba, da yamma

Na je shago, Anti ta zauna da Umma. Labulen otal ɗin da Umma take yankawa ranar da ta faɗi yana nan rabi a kan teburin yanka, alamar allinta tana jiki, ta ja layi ta kai tsakiya. Almakashin yana ƙasa inda ya faɗi. Na kewaye wurin na wuce wajen keke. Duk wunin yau ta bayan teburin nake bi, ko da zare zan ɗauko.

Baba Mai Gilashi, maƙwabcin shagonmu, ya leƙo ya ce, "'Yata, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Ta tambayi gilashi nawa na fasa?" Kullum da safe haka take gaishe shi: "Sarkin natsuwa, yau guda nawa aka yi sadaka da su?" Shi kuma ya ce ta bari sai ta iya zura allura ba tabarau tukuna. Na ce masa ba ta tambaya ba. Ya ce zai zo da kansa ta faɗa masa a ido.

Ya zo bayan la'asar da ledar lemo. Ya shiga da fara'arsa ya ce, "Uwar ɗaki, an samu dalilin hutu ke nan?" Umma ta gyara ɗankwali da hannun da ke motsi, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. An gode da ɗawainiya."

Bai daɗe ba ya tashi. A tsakar gida ya tsaya yana neman takalminsa, alhali yana gabansa. Na matso masa da shi. A duk garin nan mu biyu ne muka san abin da ake ciki.

Alhamis, da rana

Ranar komawa ganin likita. Yaro ne, da ɗan gemunsa, yana magana yana kallon kwamfuta. Ya ɗaga mata biro, ta ce biro. Ya ɗaga agogo, ta ce agogo. Ya nuna ni ya ce, "Mama, wannan 'yarki ce ko?" Ta yi murmushi ta ce, "Eh." Ya rubuta. Yaya ya dube ni irin kallon kin gani ko.

Na ce, "Likita, tambaye ta ko ni nas ce, za ta ce eh. Tambaye ta ko ni matarka ce." Yaya ya ce, "Auta!" Na ce ba ƙarya na yi ba, duk abin da aka ce mata yanzu eh ne da to.

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Na ce da can in tana so ta ce abinci ya yi gishiri sai ta ce, "An manta gishiri yau." Ya ce, "Wato dama tana rikita kalmomi tun kafin ciwon?" Innalillahi! Wannan ne zai gyara min uwa.

Daga baya ya faɗi wata doguwar kalma, ya nuna wani wuri a hoton kanta da bakin biro. Na ji kalmar, ba zan rubuta ta ba. Ya ce zama a wurin da ta saba yana taimakawa. Ya kuma ce asibitin garin su Yaya ya fi nan kayan gashin ƙashi. Kunnen Yaya na biyun kaɗai ya ɗauka.

Juma'a, bayan la'asar

Dama na san ruwa ba ya tsami banza. Yaya ya kira ni falo ya ce ƙarshen wata zai tafi da Umma gidansa. Tafiyar wuni guda cur a mota. Wai ɗakin ƙasa suka gyara mata, da banɗaki a ciki.

Na ce da izinin wa? Ya ce, "Na tambaye ta, ta ce to."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Matar da ko bikin 'yarka kwana ɗaya ta yi ta ce katifarku ta yi laushi da yawa, bayanta bai saba da jin daɗi ba? Ita ce za ta ce maka to?" Ya ce ciwo yana sauya mutum. Na ce ciwo bai sauya ta ba, ɓoye ta ya yi, kuma in za ta fito a nan za ta fito, a ɗakinta, kusa da kekenta, ba cikin fale-falenku ba. Ya ce ni kaɗai ba zan iya ba, ga shago ga jinya. Na ce da da nake iyawa kana ina? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi da sai ya ga dama yake kira a waya, yanzu ya zama uban masu tausayi.

Ya murza goshi. Sannan ya ce, "Shi ke nan. In ta dawo yadda kike faɗa kafin ranar, zan sake tambayarta a gabanki. Abin da ta ce shi za a yi."

Na ce ya rantse. Ya rantse. Gobe zai koma wurin aiki, ya bar min Anti wai ta taya ni.

To, mu zuba. Na san abin da ke fito da gatsen Umma, ni ce na fi kowa shan sa.

Asabar, da hantsi

Na zauna gaban gadonta na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ɗakin ba shara, kofin shayi a ƙasa, ina latsa waya. Har ƙafata ta yi sanyi. Da can ko numfashi biyu ba zan yi a haka ba.

Ta ce, "Ki huta, kin gaji."

Lahadi, da yamma

Na sa rigar da ba guga, na ɗaura ɗankwalin da bai shiga da ita ba, na yi ta gilmawa a gabanta. Anti ce ta tanka, wai ko in ara mata dutsen guga ta goge min. Wa ya kasa da ke?

Litinin, da azahar

Sannu. Na gode. Allah ya yi albarka. Sannu. Na gode. Na gaji da albarkar nan wallahi.

Laraba, bayan la'asar

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara taka keke. Na ɗauki ragowar yadi mai ratsi, na ɗinka labule a karkace da gangan. Ashe ɓata aiki ma wahala ne. Hannuna sai ya miƙe da kansa, sai na warware na sake karkatawa. Na sa kalmasar ƙasa ta yi faɗi a dama ta tsuke a hagu, na haɗa ratsin bai hau kan ɗan'uwansa ba, na bar zare yana reto, zobban sama kuwa wani kusa wani nesa. Baba Mai Gilashi ya leƙo ya gani ya ce, "Subhanallahi, wa ya mutu?" Da na faɗa masa dalili sai ya koma shagonsa ya kawo min tsani.

A duniya ba abin da Umma ta tsana kamar karkatacciyar kalmasa. Ina koyo, in na kauce ko da faɗin farce ne, sai ta ɗaga ɗinkin sama ta kira maƙwabta: "Ku zo ku ga fasaha, an ƙirƙiro sabon yayi, labule mai ɗingishi." In yi kuka in warware. Da haka na iya, har yau ba a taɓa dawo min da aiki ba.

Na cire labulen tagarta na rataya wannan, daidai inda idonta yake sauka. Na koma gefe na tsaya.

Ta kalle shi. Ta daɗe tana kallo, daga sama har ƙasa. Na ga idonta ya tsaya a kan kalmasar, na rantse da Allah ya tsaya. Leɓenta ya motsa.

Ta ce, "Ya tare rana. An gode."

Na fita tsakar gida na shure bokiti, ya bugi bango ya tsage. Anti ta fito da gudu tana tambayar lafiya. Na ce lafiya lau, murna nake.

Alhamis, da safe

Babban yatsan ƙafata ya kumbura.

Juma'a, da yamma

Ina jin haushinta. Ga shi na rubuta, Allah ya yafe min. Ba Yaya ba, ba Anti ba, ita. Ta san biro, ta san agogo, ta san ta gyara ɗankwali in namiji ya shigo. Duk wannan bai ɓace ba. Sai abu guda da yake nawa shi ne ya tafi?

Ranar da na dawo gidan nan daga gidan miji da akwatuna biyu, ido a kumbure, na yi zaton faɗa za ta yi ko tambaya. Tana kan keke ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Maraba da manyan baƙi. Kwana nawa za a yi mana, mu san abin da za mu yanka?" Na shiga tsohon ɗakina na tarar an share, an shimfiɗa sabon zanin gado, an sa labule. Tun kafin in yanke shawara ita ta riga ta gyara. Har yau ba ta tambaye ni me ya faru a can ba. Washegari ta turo min tef da alli ta ce, "In gimbiya ta gama hutawa, ga windo shida suna jira."

Da ta rungume ni a ranar, da na mutu don kunya. Ta san haka.

Asabar, da rana

Na gwada yi mata nata. Na ce, "Ranki ya daɗe, kwanciya ta yi daɗi, a ƙaro filo ne?" Ta ce, "A'a, wannan ma ya isa, kada in wahalar da ke."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Anti ta ji.

Litinin, da hantsi

Anti ta fara haɗa kaya. Tana ninke zannuwan Umma tana jerawa a akwati, tana tambayata wanne ta fi so. Na ce ta tambayi mai su, ai tana magana tar. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ita ke juya Umma in bayana ya gaza, ita ke tuna lokacin magani. Jiya na ga tana yanke mata farce tana yi mata hira a hankali. Na so in samu abin da zan kushe, ban samu ba.

Ta ce, "Auta, ki biyo mu mana, ko na wata guda ne." In bar shagon ga wa? In Umma ta dawo ta tarar na rufe mata shago na tafi yawon gidan Yaya, me zan ce mata?

Talata, da safe

Talata kuma.

Laraba, bayan azahar

Ina shafa mata mai a ƙafa, ba kowa a ɗakin. Tambayar ta zo min har bakin haƙori: ni wace ce? Kalma uku ce, ba sai na kawo mata amsa a baki irin ta likita ba. Ta dube ni tana murmushin nan nata na masu ciniki.

Na ce, "Umma, a rufe taga?" Ta ce to.

Ba tsoro ba ne. Lokacin ne bai yi ba.

Juma'a, da yamma

Gobe ne. Yaya ya kira yana hanya. Na ce Allah ya kawo shi lafiya, kuma ban san da wace murya na faɗa ba.

Na kai labulen otal, sun yaba. Na ƙarasa layin allin da ta fara. Almakashin ma na ɗauke, Baba Mai Gilashi yana tsaye a ƙofa har na gama.

Asabar, da azahar

Sun tafi. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara shi a raina ba.

Mun yi mata wanka ni da Anti, mun sa mata kaya, mun zaunar da ita a bakin gado. Yaya ya shigo da sabon keken marasa lafiya a naɗe, ledarsa ma ba a gama cirewa ba. Ya tsuguna zai buɗe, abu ya ƙi. Ya ja nan, ya danna can, ya juya shi ƙafafu sama. Anti ta ce ga takardar bayani, ya ce ya sani. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Can ƙarfen ya datse masa yatsa, ya yi ƙara ya sa a baki yana tsotsa, ƙato da shi da furfura a gemu.

Sai muka ji daga bakin gado: "Kada wanda ya taimaka masa. Ku bar injiniya ya yi aikinsa, ƙasa tana alfahari."

Muryar ce. Girar hagu a ɗage, gefen baki a karkace, ita ce wallahi, ita ce! Na dafa bango. Yaya ya saki keken ya rarrafa gabanta yana cewa, "Umma? Umma!" Ta ce, "Ƙara ɗaga murya, na bayan layi ba su ji ba." Yana dariya yana kuka. Anti ta riƙe baki.

Na ce, "Yaya, alkawari." Har da ɗaga kai na faɗa, don na ga na ci. Shi kuwa, in faɗi gaskiya, bai yi gardama ba. Ya share fuska ya riƙe hannunta ya ce, "Umma, tsakani da Allah, za ki bi ni gidana, ko a bar ki a nan wurinta?" Ya nuna ni.

Ta bi yatsansa da ido har kaina. Ta mayar da kallo gare shi, girar tana nan a ɗage. Ta ce, "A'a, bar ni a hannun 'yar mutane mana, tunda ni ban haifa ba."

 Yaya ya ce, "Umma, Auta ce fa. Autarki." Ta ce masa, "To," irin to ɗin nan.

Ni na buɗe keken, ɗan maɓalli ne a ƙasan kujerar. Ni na tura ta har mota, na gyara mata ƙafa, na sa filo a bayanta. Yaya ya kasa kallona, yana ta cewa za ta tuna, likita ya ce a hankali. Na ce ya ja mota rana tana yi.

Kafin in rufe ƙofar ta kamo hannuna, girar ta sauka, murmushin ya dawo. Ta ce, "Baiwar Allah, kin yi ɗawainiya da ni, ba dangin iya ba na baba. Allah ya ba ki masu yi miki. A gaida mutanen gida."

Na ce, "Za su ji."